Da gaske riƙon al'ada ne ya ɗaukaka Japan?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai sayar da kayan gyaran mota ne, kullum hannuna na cikin kayan Toyota da Honda. Na sha jin ana cewa Japan ba ta da fetur, ba ta da ma'adinai, an kuma jefa mata bam ɗin nukiliya a 1945, amma cikin 'yan shekaru ta miƙe ta wuce sa'a. Wani malami ya ce mana sirrin shi ne sun riƙe al'adunsu na gargajiya, ba su bari Turawa sun canja su ba. Haka abin yake? Kuma me ya hana Turawa mallake ta yadda suka mallake wasu ƙasashe?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malamin naku ya faɗi rabin magana, kuma rabin da ya bari shi ne mai nauyi. Mutanen da suka gina Japan ta zamani sun rusa al'adun ƙasarsu da hannunsu fiye da yadda wani Bature zai iya yi musu. Abin da suka hana baƙo shi ne ikon zaɓar musu abin da za a rusa da abin da za a bari.

Mu fara da ƙasar kanta. Tsibirai ce, manyansu huɗu: Honshu, Hokkaido, Kyushu da Shikoku. Faɗinta kusan murabba'in kilomita 378,000 ne, bai kai rabin Nijeriya ba, ga mutane kusan miliyan 124. Kusan kashi uku cikin huɗu duwatsu ne, abin da ake nomawa bai wuce kashi 12 cikin ɗari ba. Zancen fetur gaskiya ne, kusan dukansa daga Gabas ta Tsakiya ake kawo shi. Amma zancen rashin ma'adinai an ɗan sa masa gishiri: sun haƙi azurfa mai yawa a Iwami, da tagulla a Ashio, da kwal a Kyushu da Hokkaido, kuma waɗannan sun riƙe su a farkon tafiya.

Ɗan filin da ya rage shinkafa ake nomawa a cikinsa, kuma noman shinkafar ruwa ba ya yiwuwa ga mutum ɗaya. Ruwan da ya fita daga gonar wannan shi ke shiga ta wancan, dole ƙauye ya zauna ya tsara rabon ruwa da gyaran magudana. Haraji ma a kan ƙauyen gaba ɗaya ake ɗora shi, kuma da shinkafa ake biya. Saboda haka mai gari da dattawansa ba su da makawa sai sun iya rubutu da lissafi, in ba haka ba a cuce su. Ka riƙe wannan, zai yi mana amfani.

Yawancin masu ba da labarin Japan daga 1945 suke farawa, alhali tun ran gini tun ran zane. Bayan yaƙe-yaƙen basasa na sama da shekara ɗari, Tokugawa Ieyasu ya ci yaƙin Sekigahara a 1600, ya zama shogun, wato shugaban mayaƙa mai riƙe da mulki, a 1603. Sarki yana Kyoto ana girmama shi, iko kuwa yana Edo, garin da yau ake kira Tokyo. Gidan Tokugawa ya riƙe ƙasar fiye da shekara 250, kusan duk cikin zaman lafiya. Sun ga yadda mutanen Fotigal suka iso a 1543 da bindiga, ba da daɗewa ba masu wa'azin Kiristanci suka biyo baya, sai suka tsargu. Suka haramta addinin, suka kori Fotigal a 1639, suka bar 'yan Holand kaɗai daga cikin Turawa, su ma an tsare su a wani ɗan tsibiri mai suna Dejima a tashar Nagasaki. Ta wannan ƙaramar kafa littattafan likitanci da taswira suka riƙa shigowa. A 1774 wasu likitoci, cikinsu har da Sugita Genpaku, suka fitar da fassarar wani littafin Turai kan halittar jikin ɗan Adam.

Dabarar da ta fi burge ni a wannan zamani ita ce dokar 1635. An wajabta wa manyan hakimai, su kusan 260, su riƙa yin shekara ɗaya a Edo, shekara ɗaya a ƙasarsu, matansu da magadansu kuwa suna Edo dindindin a matsayin jingina. Nufin shogun shi ne ya talauta su don kada su yi tawaye. Abin da ya fito daga ciki ya wuce nufinsa. Ayarin ɗaruruwan mutane na kai da kawowa kowace shekara, sai hanyoyi suka gyaru, masaukai da kasuwanni suka tsiro a bakinsu, hakimai suka koma sayar da shinkafarsu a Osaka don samun kuɗin kashewa. Edo ta kai mutum miliyan ɗaya a ƙarni na 18. A kasuwar Dojima ta Osaka, wadda hukuma ta amince da ita a 1730, har cinikin shinkafar da ba a girbe ba ake yi a takarda. Gidan Mitsui da ake jin sunansa yau shagon yadi ne da aka buɗe a Edo a 1673. Ga kuma dubban ƙananan makarantu da ake kira terakoya, masu kama da makarantar allo a tsari: malami ɗaya a haikali ko a gidansa, yaran unguwa suna koyon karatu da rubutu da lissafi. Ƙasar da jiragen yaƙin Amurka suka tarar ke nan lokacin da kwamandansu Perry ya iso a 1853.

Me ya hana a mallake ta? Akwai sa'a a ciki. Tana da nisa, kasuwar Sin ta fi ta jan hankali, kuma a daidai shekarun da take da rauni manyan ƙasashe na fama da nasu: yaƙin Kirimiya, boren Indiya na 1857, yaƙin basasar Amurka daga 1861 zuwa 1865. Amma kada a ce ta tsira ba tabo. Yarjejeniyoyin 1858 sun hana ta yi wa Turawa shari'a a kotunanta, sun kuma ƙwace mata ikon yanka kuɗin fito a kan kayan da ke shigowa. Ba ta karɓo na farko ba sai 1899, na biyun sai 1911. Shugabanninta sun ga abin da Ingila ta yi wa Sin a yaƙin da ya ƙare a 1842, kuma wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama da wuta ya san abin yi. Mayaƙan Satsuma da Choshu, ƙasashen hakimai biyu da ke cikin masu kururuwar a kori baƙi, sun ɗanɗani igwar Turawa a Kagoshima a 1863 da Shimonoseki a 1864. Daga nan suka sauya shawara. Su ne suka kifar da shogun, suka kafa sabuwar gwamnati a 1868 da sunan Sarki Meiji, yaro ɗan shekara 15.

To ga abin da masu riƙon al'adar suka yi. A 1871 suka soke ƙasashen hakimai baki ɗaya, suka maye su da larduna ƙarƙashin gwamnoni. A ƙarshen 1872 aka sanar cewa kwana biyu ga watan sha biyu shi ne ƙarshen shekara, washegari 1 ga Janairun 1873, lissafin wata na kaka da kakanni ya tafi. Sarki ya ci naman shanu aka sanar wa jama'a, a ƙasar da ta daɗe tana ƙyamar cinsa. Aka tilasta wa talakawa ɗaukar sunan iyali a 1875. Aka sa 'ya'yan manoma aikin soja, sannan a 1876 aka hana samurai, wato ajin mayaƙan gado, rataya takobi, aka yanke musu albashin gado. Waɗanda suka yi dokar su kansu samurai ne, ajinsu suka rusa. Da tsofaffin abokan tafiyarsu suka yi tawaye a 1877 ƙarƙashin Saigo Takamori, sojan 'ya'yan manoma ne ya murƙushe su.

Inda malaminku yake da gaskiya shi ne a yadda aka yi aron. A 1871 wani sashe babba na shugabannin gwamnati ya bar ƙasar kusan shekara biyu ƙarƙashin Iwakura Tomomi, suna zagaya Amurka da Turai, suna leƙa masana'antu da kotuna da makarantu. Cikin ayarin har da yarinya 'yar shekara shida, Tsuda Umeko, wadda daga baya ta kafa kwalejin mata. Suka dawo suka tsince: sojan ruwa irin na Ingila, likitanci da tsarin mulki irin na Jamus. Suka ɗauko ƙwararrun Turawa da albashi mai tsoka, da ɗalibansu suka ƙware sai a sallame su. Kuma suka dage da fassara ilmin zuwa harshensu, har ya zama yaro na iya tafiya daga firamare zuwa jami'a da Japananci. A ganina wannan ya fi kimono, rigarsu ta gargajiya, da bikin shan shayi muhimmanci nesa ba kusa ba, don shi ya sa ilmin ya sauka har kan maƙeri da manomi. Dokar ilmi ta 1872 ta sami gindin zama ne saboda terakoya sun share fage, duk da cewa a wasu wurare manoma sun ƙona sababbin makarantu don fushin kuɗin da aka ɗora musu. Kafin 1910 sama da kashi 90 cikin ɗari na yara suna makaranta.

Sai a tambayi wa ya biya. Manomi ne na farko: harajin ƙasa na 1873, kashi 3 cikin ɗari na darajar gona kuma da tsabar kuɗi, shi ne mafi yawan abin da gwamnati ke samu, kuma da yawa sun rasa gonakinsu sun koma noman haya. Sai 'yan matan ƙauye da suka ƙare ƙuruciyarsu a masaƙun siliki, wanda shi ne babban abin da ke kawo kuɗin waje. Sai maƙwabta. Japan da ta kuɓuta daga mulkin mallaka ita ma ta zama mai yi: Taiwan a 1895, Koriya a 1910, Manchuriya a 1931, sai ta'asar Nanjing a 1937. Wani ɓangare na diyyar da ta karɓa daga Sin bayan yaƙin 1894 zuwa 1895 ya shiga ginin masana'antar ƙarfe ta Yawata. Wannan hanya ce ta kai ta Hiroshima da Nagasaki.

Bama-baman 1945 sun rusa gine-gine, amma injiniyoyi da malamai da ma'aikata masu karatu suna nan. Kamfanin Toyota da kake sayar da kayansa an kafa shi tun 1937, ya tsiro daga sana'ar ƙera injin saƙa. Amurka da ta mamaye ƙasar har 1952 ta sa aka raba gonaki ga masu noman haya, tsarin mulkin 1947 ya hana ta yaƙi don haka kuɗin soja ya yi ƙasa, yaƙin Koriya na 1950 ya kawo wa masana'antunta oda mai yawa. A 1964 jirgin ƙasa mai gudun tsiya ya fara zirga-zirga tsakanin Tokyo da Osaka, a 1968 tattalin arzikinta ya wuce na Jamus ta Yamma.

Har wannan ɗabi'a da ake yaba musu, ta mutum ya shiga kamfani ɗaya ya tsufa a cikinsa, ba tsohuwar al'ada ba ce, bayan yaƙi ta kafu. Tana kuma da nata tsadar. Tsawon sa'o'in aiki da wahalar haɗa aiki da raino ga mata suna cikin abubuwan da suka sa aure ya ragu, haihuwa ta faɗi. Yawan jama'a ya kai ƙololuwa a kusan miliyan 128 wajen 2008, tun daga nan yake raguwa. Kusan kashi 29 cikin ɗari sun kai shekara 65 ko sun haura, jariran da Japanawa suka haifa a 2024 ba su kai 700,000 ba, kuma ƙidayar gidaje ta 2023 ta sami kusan gida miliyan 9 da ba kowa a ciki. Ƙasar da ta taɓa tsare baƙi a ɗan tsibiri guda yanzu tana sassauta dokokinta don samo ma'aikata daga Biyetnam da Filifin da Indunisiya, su yi aikin gini da kula da tsofaffi.