"Borrow" ko "lend"? Yadda jimla ke nuna wa ɗalibi kalmar da ta dace

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na lise, wato sakandare, a nan Garwa, bana zan rubuta jarrabawar Bakaloreya in Allah ya yarda. Matsalata a Ingilishi ita ce kalmomin aikatau masu kama da juna. Na haddace ma'anarsu da Faransanci, amma da an ba ni jimla mai gurbi a ce in cike, sai kaina ya ɗaure. A gwajin da ya wuce an ba mu "Could you ___ me your dictionary until Monday?" Na sa "borrow", malaminmu ya soke da jan bik. Alhali 'yan'uwanmu na Yola kullum "borrow me" nake ji a bakinsu. Haka nake fama da "say" da "tell", da kuma "make" da "do". Yaya mutum zai gane wadda ta dace?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya ba da sa'a, ya sa a rubuta a ci.

Kin faɗi ciwon da bakinki ba ki lura ba: kin haddace ma'anarsu da Faransanci. Shekaru da yawa ina koyar da Ingilishi a arewacin Kamaru, kuma abin da nake gani ke nan a kusan kowane aji. Yaro yana tunani da Hausa ko Fulatanci, ya juya zancen zuwa Faransanci, sannan ya nemi hanyar shiga Ingilishi. Ba laifinsa ba ne. Ƙasarmu harshen hukuma biyu gare ta, har doka aka yi a Disambar 2019 don a ɗaukaka su daidai wa daida, amma a Garwa da Marwa da Ngaundare Faransanci ne ke riƙe da allo, Ingilishi darasi ne da ke zuwa 'yan sa'o'i a mako. To, a wannan zagayen ne kaya ke zubewa. Faransanci yana da "dire" guda ɗaya inda Ingilishi ke da "say" da "tell", yana da "faire" guda ɗaya inda Ingilishi ke da "make" da "do". Hausar da kike yi da mahaifiyarki a tsakar gida kuwa ta riga ta rarrabe da yawa daga cikinsu. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.

Mu fara da wadda ta ci miki maki. In kin ce "na ari bik a wurin ƙawata", wa ya karɓa? Ke. In kin ce "na ara wa ƙawata bik", wa ya karɓa? Ita. Saiwar kalmar ɗaya ce, amma ba ki taɓa rikita su ba tun kina ƙarama, domin kunnenki yana jin "a wurin" a ta farko, yana jin "wa" a ta biyu. Haka "na ranci kuɗi" da "na ranta masa kuɗi". Ingilishi ma haka yake, sai dai shi kalmar ya sauya gaba ɗaya. Mai karɓa shi ke yin "borrow", abokiyar tafiyarta kuma "from" ce, wato "a wurin" ɗinmu. Mai bayarwa shi ke yin "lend", kuma ita ce kaɗai ke yarda mutum ya biyo ta kai tsaye: "lend me", "lend him", "lend my sister". Duba jimlar gwajinku. Me ya zo bayan gurbin? "Me". Wannan ƙaramar kalmar ta gama ba ki amsa tun kafin ki kai ga ƙamus da ranar Litinin. Da jimlar ta kasance "She ___ 5,000 francs from her aunt", ganin "from" ya isa ki rubuta "borrowed" ko da ba ki san wace ce gwaggon ba.

Abu ɗaya ma Ingilishi ya sauƙaƙa miki a nan. Mu muna raba aro da rance: tabarma aro ce domin ita ɗin za a mayar, kuɗi da kwanon gero rance ne domin madadinsu za a biya. Bature bai damu da wannan ba, duka "borrow" da "lend" ne.

Batun 'yan'uwanki na Yola, ba ƙarya kika ji ba. "Borrow me" ta zama ruwan dare a Ingilishin titi na Najeriya da kuma Pidgin, kowa a kasuwar Jimeta zai gane abin da ake nufi, kuma ban ga dalilin raina mai faɗinta ba. Amma mai gyaran takardar Bakaloreya daidaitaccen Ingilishi yake aunawa, zai soke ta kamar yadda malaminku ya soke.

"Say" da "tell" su ne "ce" da "gaya". Gwada ki ce "ya gaya zai zo" ki ji yadda zancen ya rataye. Dole a tambaye ki, ya gaya wa wa? Halin "tell" ke nan, tana son a ambaci wanda aka gaya wa nan take: "he told us that the bus was late". "Say" kuwa maganar kanta take ɗauka: "he said that the bus was late". A nan sai ki yi hattara, domin Hausa da Faransanci sun haɗa baki sun haƙa rami guda. Muna cewa "ya ce mini", Faransanci na cewa "il m'a dit", sai ɗalibi ya rubuta "he said me". Ingilishi bai yarda ba. In dole sai an ambaci mutum bayan "say", sai an shimfiɗa "to" a tsakani: "he said to me". Akwai kuma 'yan wuraren da "tell" ke tafiya ba mutum a bayanta, ba su da yawa, ki riƙe su yadda suke: "tell the truth", "tell a lie", "tell a story", "tell the time".

Inda Hausa ta fi burge ni shi ne batun alkibla. A 1960 masanin harshe F. W. Parsons ya kasa aikatau na Hausa zuwa aji 7, na shidansu shi ne mai ƙarewa da wasalin "o", wanda ke nuna aikin ya nufo wurin mai magana: fita da fito, shiga da shigo, aika da aiko, kai da kawo. Wanda ya tashi da wannan a bakinsa bai kamata "bring" da "take" su ba shi wuya ba. In kakarki tana zaune a inuwa ta ce ki kawo mata ruwa, "bring" ce. In ta ce ki kai wa maƙwabta tuwo, "take" ce. A jarrabawa ki nemi inda mai maganar yake tsaye. Kalmomi irin "here" da "to me" sun ce kawo, "there" da "away" sun ce kai.

"Hear" da "listen" ji ne da saurare. "See", "look" da "watch" gani ne da dubawa da kallo, har Faransanci bai kai mu rarrabewa a nan ba, tunda "regarder" ɗaya yake amfani da ita ga biyun ƙarshe. Ki dai tuna "listen" tana jan "to", "look" tana jan "at". Abin da zan ja miki kunne a kai shi ne faɗin "ji" ɗinmu. Muna jin ƙamshi, muna jin sanyi, muna jin Fulatanci. Babu ko ɗaya a cikin waɗannan da "hear" za ta ɗauka: ƙamshi "smell", sanyi "feel", harshe kuma "understand".

Sai "make" da "do". A nan ba zan yaudare ki ba, Hausa ba ta da taimakon da za ta yi miki, "yi" ɗinmu da "faire" ɗinsu jirgi ɗaya ya kwaso su. Akwai ƙa'idar da muke koyarwa, cewa "make" ta abin da aka samar ne, wanda da babu shi yanzu ga shi, kamar shayi ko riga ko surutu, "do" kuma ta aiki ce da hidima, kamar aikin gida na makaranta ko wanki. Ƙa'idar tana kai mutum rabin hanya. Amma mai "make the bed" gyara shimfiɗa ya yi, bai sassaƙa gado ba, kuma ɗan kasuwa yana "do business" ne don ya "make money". Me ya sa? Wa ya taɓa yi miki bayanin abin da ya sa muke cin bashi, muke cin kasuwa, muke cin jarrabawa, amma muke shan wahala da shan iska? Ba wanda ya yi. Tare kika ji su, tare kika riƙe su, kuma in baƙo ya ce ya sha bashi kunnenki zai ƙi karɓa nan take. Haka za ki yi da waɗannan. Kada ki ƙara rubuta "make" ita kaɗai a littafinki da "faire" a gabanta. Rubuta "make a mistake", "make a decision", "make a phone call", "do homework", "do a favour", "do your best", ki riƙa faɗinsu da ƙarfi har su zauna. In kina sauraron labarai na Ingilishi a CRTV, gidan rediyo da talabijin na Kamaru, ki ajiye takarda kusa, duk aikatau ɗin da kika kama ki rubuta shi tare da kalmar da ta biyo shi.

Akwai wasu da ba ki tambaya ba, amma tunda ta Faransanci kike bi, na san suna jiran ki a gaba. Wata shekara wani ɗalibina, yaro mai ƙoƙari wanda ke tsare shagon kawunsa da yamma, ya kawo mini wasiƙar neman gurbin karatu in duba masa. Ya rubuta da kyakkyawan hannu: "I passed the exam in June and I am waiting for the result." Na ce masa, ɗana, ka ci jarrabawa kuma kana jiran sakamako? Ya tsaya yana kallon takardar, can ya dafe kai. "Passer un examen" zama ne a rubuta, wanda Ingilishi ke kira "take" ko "sit". "Pass" sai an ci. Abin ya tsaya mini a rai, domin da wasiƙar ta tafi haka, mai karantawa zai iya ɗaukar yaron maƙaryaci, alhali kalma ce ta yaudare shi. Ƙannenta su ne "assister à" da ke sa a rubuta "assist" inda ake nufin halarta, wato "attend", da "attendre" da ke sa a rubuta "attend" inda ake nufin jira, wato "wait", da "gagner" da ke haɗa cin gasa da samun albashi, alhali na farko "win" ne, na biyu "earn".

Ranar jarrabawa, kada ki fara da kallon zaɓin da aka ba ki. Rufe su da yatsa, ki karanta jimlar har ƙarshe, ki ja layi a ƙarƙashin kalmar da ta biyo gurbin, sannan ki faɗa wa kanki jimlar da Hausa a zuci. Ki kuma duba lokacin aikin kafin ki rubuta, domin na sha ganin wanda ya zaɓi kalmar daidai ya rasa makin a kan "lended" maimakon "lent", ko "telled" maimakon "told". Ki ɗauko takardar gwajin nan da aka soke miki, ki bi sauran jimlolin da wannan hanya, waɗanda suka ƙi ki aiko mini da su mu duba tare.