Tambaya da Amsa: Ɗakin ajiye kekuna a bayan gida

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ɗan ɗaki na kwano da katako a bayan gida, inda nake ajiye kekuna uku, nawa da na yara biyu. An fara ɗauke kekuna a unguwarmu. Na sayi babban kwado, shin ya wadatar? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kwadon kaɗai bai wadatar ba, domin ɓarawo ba kasafai yake ɓata lokaci a kan kwado ba. Abin da aka rataya kwadon a jiki yake nema. Idan da ƙusa aka kafe maƙalin, ƙarfe ɗaya zai zura ya ɓamɓare shi, kwadonka na nan a kulle.

Don haka fara da ƙofa. Cire duk ƙusoshin da suka riƙe maƙalin kwado da hinji, ka sa kafinta ya huda katakon har ya fita ta ciki, a ɗaure da noti mai kauri milimita 8. A zaɓi mai mulmulallen kai wanda sifana ba ta kama shi daga waje. Ta ciki a sa ɗan farantin ƙarfe kafin a ɗaure, in ba haka ba notin zai yaga katakon ya fita idan aka finciko. Hinji uku za a sa, ba biyu ba. Kwado kuwa, nemi wanda wuyansa gajere ne, ya ɓuya cikin jikinsa, don almakashin yanke ƙarfe ya rasa wurin kamawa.

Bangon kwano da almakashi ake yanka shi. Ka bi shi ta ciki da ragar ƙarfe ta walda, ko falankin katako mai kauri milimita 12. Idan akwai taga, sa mata rodi ka kuma rufe ta, kada mai wucewa ya ga abin da ke ciki.

Amma aikin da ya fi duka muhimmanci a ƙasa yake, wato wurin ɗaure kekunan da sarƙa a cikin ɗakin. Haƙa rami a kusurwar da ta fi nisa da ƙofa, faɗi da tsawo santimita 30, zurfi 40. Mai walda ya lanƙwasa maka rodi mai milimita 16 kamar baka, ya tanƙware ƙafafunsa biyu waje don kada a zare shi. Ka dasa shi cikin kankare: awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Bar ɗan abin da sarƙa za ta wuce kawai a sama. In ya yi tsawo, zarto ya samu wurin aiki. A riƙa zuba masa ruwa kwana bakwai kafin a ɗaura komai, domin kankaren da ya bushe da wuri tsagewa yake yi.

Sarƙar ta zama ta ƙarfe mai tauri, kauri milimita 10 ko fiye. Zura ta cikin gangar jikin kowane keke, ba taya kaɗai ba, tun da ana kwance taya a tafi da sauran. Kada sarƙa ko kwado su kwanta a daɓe, nan ne ake samun damar dukansu da guduma.

Sai damina. Iskar farkon damina daga rufi take kama irin wannan ɗaki, saboda haka ɗaure katakon rufi da ginshiƙai da langa-langa, ginshiƙan kuma su zauna cikin siminti. Shafa wa gindinsu baƙin mai saboda gara. A bar 'yar kafa mai raga a ƙarƙashin rufi, domin zafin kwano yana tsattsage roba, laima kuma tana sa kaca tsatsa. Daɓen ya ɗara tsakar gida da kamar santimita 10, don kada ruwa ya kwararo ciki.