Tambaya da Amsa: Ya ake sa muryar kwamfuta a gaisuwar wayar ofis?

Tambaya: Salam Malam. Muna da kamfanin sayar da kayan sola, an haɗa mana wayoyin ofis da FreePBX, manhajar da ke sarrafa kiran waya a ofis, in ba wanda ya ɗauka sai kiran ya faɗa akwatin saƙon murya. Damuwar ita ce duk sanda muka canja lokacin aiki sai an nemo wanda zai sake karanta gaisuwar a ɗauka. Na ji an ce za ka iya rubutawa kwamfuta ta karanta. Ya ake saita shi, kuma zai yi Hausa? Don yawancin kwastomominmu Hausa suke ji.

Amsa: Wa'alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Eh ana yi, kuma ba wuya, amma hanya biyu ce. Ta farko na'urar ta dinga tura rubutun ta intanet duk sanda aka kira a mayar mata da murya nan take, ta biyu kai ka samar da muryar sau ɗaya ka ajiye ta a matsayin fayil ka ɗora. Ta biyun nake so ka bi. Gaisuwarka ba kullum take canjawa ba, to me zai sa ta dogara da netwok? Ranar da data ta ƙare ko layi ya yi nauyi kwastoma shiru zai ji, shi kuma shiru a waya kashewa ake yi.

Wajen samar da muryar akwai Amazon Polly, akwai na Google, akwai na Microsoft Azure. In Turanci ne Azure ɗin yana da muryoyi biyu masu Turancin Najeriya, ta namiji Abeo da ta mace Ezinne, sun fi shiga kunnen mutanenmu akan muryar Amurka mai haɗiye rabin kalma. Shi FreePBX ana iya sa masa ƙaramin injin karatu mai suna Flite, kyauta ne, sai dai muryar kamar ta mutum-mutumi take, ban ga ya dace da kamfani ba.

Inda aka fi samun matsala shi ne tsarin fayil ɗin. Layin waya ba ya ɗaukar sauti mai faɗi irin na waƙa, don haka abin da ake so WAV ne, 8000 Hz, 16 bit, mono wato tasha ɗaya. Polly da Azure duk za su iya fitar da sautin a 8000 Hz tun daga can, in kuma MP3 ka sauke to buɗe shi a Audacity, manhajar gyaran sauti, shi ma kyauta ne, ka maida shi haka. Sai ka koma FreePBX ka shiga Admin, ka shiga System Recordings, ka ɗora ka ba shi suna mai ma'ana irin gaisuwar_dare, kar ka bar shi da sunan da ya zo da shi don wata uku nan gaba ba wanda zai gane wanne ne wanne. In kuma gaisuwar akwatin mutum ɗaya ce, Asterisk da ke ƙarƙashin FreePBX yana ajiye ta da suna unavail in ba kowa, busy in yana kan wani kiran, mai kula muku da na'urar ya san wajen.

Rubutun ma sai an yi masa dabara. Lambar waya mai lamba 11 in ka rubuta ta a haɗe wani injin zai karanta ta kamar kuɗi, biliyan kaza miliyan kaza, to rarraba ta uku uku ko huɗu huɗu da waƙafi a tsakani don ya dinga numfasawa, kuma ta zo sau biyu saboda mai neman biro. Kuɗi ka rubuta kalmar naira cikakkiya, kar ka dogara da alamar. Kuma don Allah a gajarta, ni ba na so ta wuce sakan 20, ka tuna da akwatin ya amsa katin mai kira ya fara tafiya. Sunan kamfani, mun tashi, za mu buɗe ƙarfe kaza, bar sunanka da lambarka bayan ƙarar, shikenan.

To maganar Hausa. Akwai injin da ke karanta ta, a 2023 kamfanin Meta ya fitar da MMS mai harsuna sama da 1,000 kuma Hausa na ciki, amma lasisin da aka sake shi da shi bai yarda a yi kasuwanci da shi ba, kai kuma kasuwanci kake. Bayan haka rubutunmu ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, injin hasashe yake yi, kuma in ka rubuta k a wajen ƙ ko d a wajen ɗ yadda ka rubuta zai karanta. Kar ma ka gwada ba muryar Turanci rubutun Hausa, abin ba ya sauraruwa. Dattijon da ya kira daga ƙauye yana tambayar kuɗin batir, in ya ji sallama a karkace ba zai bar saƙo ba. Shawarata ku samu ma'aikaci mai murya a bayyane, a ɗaki mara fanka da janareto, ku zauna rana ɗaya ku ɗauki duk gaisuwar shekara da Hausa: ta dare, ta lokacin sallar Juma'a, ta azumi, ta hutun sallah ƙarama da babba. Na Turancin a bar wa kwamfuta, Hausar ta fara zuwa sannan shi ya biyo.

Sauya su kuma ba sai da hannu ba, Time Groups da Time Conditions na cikin FreePBX su ke wannan aikin, ka ce Juma'a daga ƙarfe 1 zuwa 3 a tura kira gaisuwar masallaci. Amma duba agogon na'urar ya zama yana kan Africa/Lagos, in yana kan UTC, wato agogon GMT, awa ɗaya zai dinga yi a baya, ku buɗe ƙarfe 8 ita tana ce wa mutane kun tashi har ƙarfe 9. In ka gama kar ka gwada a sifikar kwamfuta, ɗauki ƙaramar waya mai madannai ka fita bakin titi ka kira layin, in ka iya rubuta lambar da aka faɗa ba tare da ka sake kira ba to ya yi.