Gidan haya a Birni da aka yi wa kwaskwarima, in kama ko in bari?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni mai ɗaukar hoto ne, zan taso daga Yamai in dawo Damagaram da aiki. Dillali ya nuna mini wani tsohon gida cikin Birni, tsohuwar unguwar garin, ba nisa da fadar Sarki, an gyara shi an sa karo an yi fenti, ɗaki biyu da falo, jikka 40 a wata, wai in ba da na wata 3 tukuna. Unguwar ta shiga raina saboda zanen gidajen da masu aikin hannu. In kama?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Wallahi ban ga laifinka ba, duk wanda ya bi lungunan Birni da hantsi ya ga zanen nan a goshin zaure, ga zankwaye, ga duwatsu tsakanin gidaje, sai ya so zama nan. Garin da ya riƙe babban birnin ƙasa har 1926 ai ba ƙaramin gari ba ne. Amma ni aikin gini nake yi, kuma abin da zan roƙe ka shi ne kar fenti ya ɗauke maka hankali, bango za ka duba.

Yawancin tsofaffin gidajen nan na ƙasa ne. In aka zo gyara sai a shafe ƙasar da siminti don a ga kyau, to siminti da ƙasa ba sa kama juna, in ruwan Agusta ya samu ƴar tsaga ya shiga ba ya samun hanyar fita, bangon yana jiƙa daga ciki kai kuma kana ganin fenti fes, wata rana sai ka ga shafen ya ɓallo kamar ɓawon gyaɗa. Na taɓa shiga wani ɗaki da aka gyara bai cika shekara ba, na ƙwanƙwasa bangon da makulli na ji yana amo kamar ƙwarya, da muka ɓamɓare sai ga ƙasa ɗanya har tana wari. Kai ma ka yi hakan, ka bi gindin bango kana ƙwanƙwasawa, inda ka ji fanko akwai magana. Ka ɗaga kai kuma. In rufin soro ne a nuna maka azara, ko gara ta ci, ka hau sama ka ga indararo in a buɗe yake. In kuma an cire soron an buga kwano ba silin, to ka tuna da zafin Afrilu da Mayu, wanda yake wuce digiri 40, ɗakin ƙasa mai sanyi ya tashi daga aiki ke nan.

Ruwa fa, ka san Damagaram. Kar ka tambayi dillali, tambayi matar maƙwabta yaushe famfo yake kawowa da rani, nawa suke ba ƴan ga-ruwa. Kontar wuta ta NIGELEC da ta ruwa a nuna maka takardar biyan ƙarshe, ka ɗauki hoton lambar ranar da ka shiga, ai sana'arka ce.

Sai wanda ya fi ba ni tsoro, gidan gado. Gidajen Birni da yawa na magada ne, ɗaya ya yi gyara da kuɗinsa ya ba da haya, gobe ɗan'uwansa ya zo ya ce ba da yawunsa ba. Kafin jikka 120 ɗin nan ta bar aljihunka a rubuta kontara, a faɗi wace ce ajiya wace ce kuɗin wata, wa zai yi yaɓe kafin damina, a sa hannu gaban mai unguwa da shaidu biyu.

In bangon ya amsa da kyau kuma takarda ta fito, ka kama. Sai dai Birni unguwar mutunci ce, ka je ka gai da dattawan ƙofar gida tun ranar farko, kuma kar ka ɗaga kamara kan zauren kowa sai ka yi sallama ka nemi izini.