Matata na kan shimiyo, bakina ya kasa faɗin na gode Allah

TAMBAYA: Mama barka da aiki. Ni Kirista ne, tela ne a nan Maraɗi. Uwargidana ce sankarar mama ta kama, an yi mata aiki an cire nono guda, yanzu duk bayan sati ukku sai mun hau kar zuwa Yamai a sa mata ruwan shimiyo, wato maganin sankara da ake sawa ta jijiya, kuɗin mota da na magani sun ci awakinta sun ci keken ɗinkina guda. Gashinta duk ya zube, abinci ko ƙamshinsa ba ta so. To ga sujadar godiyar kaka ta matso, kowa zai kai damen geronsa gaba yana rawa, ni kuwa da an ce mu gode ma Ubangiji sai in ji maƙogwaro ya toshe. Wani dattijo ya ce mini rashin godiyata ce ta tare warkarwa, wai mu aje maganin nan mu shiga azumi. Mama, zunubi nike yi?
Ɗan'uwa daga Maraɗi

AMSA: Sannu ɗana, sannu da jinya, Ubangiji ya tashi kafaɗunta. Ba zunubi kake yi ba, gajiya ce da tsoro. Mutumin da ya sayar da abin sana'arsa, yake cin kilomita sama da 600 da mara lafiya jingine a kafaɗarsa, a ce shi ne ya tare warkarwa? A'a, wannan magana ban karɓe ta ba ko kaɗan.

Ka buɗe Zabura 13 daren nan. Dawuda ya fara da har yaushe ya Ubangiji, har yaushe za ka manta da ni, yana ta maimaitawa, amma kafin ayoyi shidan nan su ƙare yana cewa zai raira waƙa ga Ubangiji. Baki guda ne ya yi kukan ya yi waƙar, kuma ba wanda ya goge kukan daga Littafi don kada masu bi su gani. Yesu kansa ya yi hawaye a kabarin Li'azaru, a Gatsemani ma ya roƙa in mai yiwuwa ne a ɗauke masa ƙoƙon. Saboda haka in ka durƙusa ka faɗa ma Allah ainihin abin da ke cikinka, ka gaji, kana tsoron ta tafi ta bar ka da yara, duk ka faɗa. Ita godiyar kada ka matse ta don jama'a su gani, ka neme ta a abin da ya faru ran nan, misali yau ta sha rabin kofin kunu bai dawo ba, ko gwajin jini ya yi kyau an sa ruwa ba a ɗage ba. Kafin 2021 ko na'urar gasa sankara babu a Nijar sai mai halin fita waje, yanzu akwai ta a cibiyar yaƙi da sankara ta Yamai, nima ina gode ma Allah da wannan.

Maganar aje magani kuwa, don Allah kada ku yi. Ka girmama dattijon, ka ce masa kun gode Baba, ku taya mu da addu'a, amma shimiyo sai likita ya ce an gama. Luka da ya rubuta Bishara ai likita ne. Mai son azumi ya yi a madadinta, ita jikinta abinci yake nema. Zubewar gashi aikin maganin ne kuma yakan tsiro bayan an gama. Abin tsoro shi ne zazzaɓi, don sati ɗaya zuwa biyu bayan kowane ƙarin ruwa sojojin jini kan ragu sosai, in zafin jikinta ya kai 38 ku nufi asibiti ko tsakar dare ne, ku ce tana kan shimiyo, kada a tsaya ana cewa masassarar sauro ce a sayi ƙwaya a tebur. Ta kwana cikin gidan sauro, nonon fura a tafasa shi. Kuma cutar nan ba a ɗaukarta, ka zauna ku ci a kwano ɗaya, mace da aka cire ma nono tana kallon fuskar mijinta fiye da yadda kake zato.

Ran godiyar kaka ka je, ko tiya guda ce ka kai, in rawa ta ƙi ka zauna abinka. Ita kada a tsayar da ita ba da shaida sai in ta so. Kafin ranar ka samu fasto da shugabar Zumuntar Mata ka faɗa masu ranar tafiya ta gaba da kuɗin da ya rage, a san wa zai riƙe yara, wa zai dafa tuwo ran da kuka dawo.