Ni ba na mafarki, lafiya nake kuwa?

Ɗan'uwa, ka ce ka shekara biyu ba ka yi mafarki ba, har abin ya fara damunka. Kwantar da hankalinka, mai yiwuwa mantawa kake yi.

A 1953 Eugene Aserinsky da malaminsa Nathaniel Kleitman, a Jami'ar Chicago ta Amurka, suka lura cewa akwai lokacin da idon mai barci ke yawo da sauri a ƙarƙashin fatarsa. Suka riƙa tashin mutane daidai wannan lokacin, sai ga mafi yawansu suna ba da labarin mafarki tiryan-tiryan. Wannan matakin yana dawowa kusan duk bayan minti 90, kuma ya fi tsawo gab da asuba.

Mafarki kuma bai da riƙo. Kana tashi ka ɗauki waya, shi ke nan ya tafi.

A matakin nan ƙwaƙwalwa kan kashe wa jiki motsi, don kada ka tashi ka aikata abin da kake gani. In ka farka jikin bai saki ba tukuna, shi ne dannau da muke ta ɗora wa aljanu.

Ajiye takarda da biro kusa da filo, kana buɗe ido ka rubuta, ko kalma ɗaya ce.