Tambayi Likita: Uwar mijina ta ce yawan sikanin ne ke ƙafar da ruwan cikina

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Wannan cikina na uku ne, yanzu yana sati 34. Biyun farko a gida na haife su lafiya lau, ko sau ɗaya ban yi hoton ciki ba. Wannan karon jinina ya hau, ranar awo aka samu 150 bisa 100, aka ɗora ni kan magani, aka tura ni sikanin. Mai hoton ya ce yaron bai kai girman watanninsa ba, kilo 1.7 ne, ruwan da yake kwance a ciki kuma ya ragu. Likita ta ce in riƙa dawowa duk sati. Uwar mijina ta ce hasken na'urar ne ke ƙafar da ruwan yana ƙona yaron, ta ce kar in sake zuwa. Maigidan kuma kuɗin ne ke damunsa. Ni dai tsoro ya cika ni. Me suke dubawa haka duk sati? Daga Maman biyu, Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya raba ku lafiya. Ki koma, kada ko sati ɗaya ya wuce ki. Bari in faɗa miki dalili yadda ke ma za ki iya yi wa mutanen gida bayani.

Mu fara da maganar Hajiya, don na san ba mugunta take yi ba, jikanta take ji wa tsoro. Na'urar sikanin ba ta da haske ko kaɗan, ba irin ta hoton ƙashi ba ce. Sauti take turawa, siririn sauti wanda kunnen ɗan'adam ba ya ji, ya bugi jikin yaro ya dawo, kwamfuta ta mayar da amsa-kuwwar hoto. Wannan man mai sanyi da ake shafa miki a ciki, aikinsa kawai ya kori iska tsakanin fata da kan na'urar don sautin ya ratsa. Tun 1958 wani likitan mata mai suna Ian Donald ya wallafa aikinsa kan wannan hanya a birnin Gilasgo, kuma shekara sama da sittin ana amfani da ita ga masu ciki a duniya ba a tabbatar ta cutar da ɗan tayi ba idan masani ne ya yi ta bisa ƙa'ida. Ruwan cikinki ya riga ya ragu kafin a ɗora miki na'urar. Ita dai ta gano ne.

To me ya rage shi? Nan ne gundarin maganar. A tsohon ciki, yawancin ruwan nan fitsarin yaron ne. Yana haɗiya, yana fitsarwa, haka abin ke zagayawa. Abincinsa da iskarsa kuwa duk ta mabiyiya suke zuwa, su biyo cibiya. Hawan jini na masu ciki yakan zo tare da mabiyiyar da jini ba ya isarta sosai. Idan abin da ke zuwa wa yaro ya yi ƙaranci, jikinsa sai ya yi irin dabarar uwar gida a shekarar fari: ɗan abin da ya samu sai a fara kai wa inda ba a iya hana wa, wato ƙwaƙwalwa da zuciya, a rage wa ƙoda da hanji da tsoka. Ƙoda ta samu jini kaɗan, fitsari ya ragu, ruwa ya ja baya. Hanta ma ba ta tara abin da ya kamata, shi ya sa za ki ga kan yaro ya kai girmansa amma tumbinsa ya rame. Ƙanƙantar yaronki da raguwar ruwa da hawan jininki, mai yiwuwa duk tushensu ɗaya. Zazzaɓin cizon sauro da sikila ma suna yi wa mabiyiya irin wannan illa, shi ya sa nake nanata wa mata shan maganin rigakafin zazzaɓin da ake bayarwa wurin awo.

Abu na farko da ake aunawa shi ne ruwan. A takardarki ki nemi inda aka rubuta AFI, wato ma'aunin yawan ruwan. Ana raba cikin gida huɗu, a auna zurfin ruwa a kowane, a haɗa. Daga santimita 5 zuwa 25 ana ɗaukarsa daidai, ƙasa da 5 ya yi kaɗan. Wasu kuma gurbi mafi zurfi kaɗai suke aunawa, shi ana so ya kai santimita 2. Idan kina jin wandonki na jiƙewa da ruwan da ba fitsari ba, ki faɗa wa likita, don wani lokaci faya ce ta ɗan ɓule tana yoyo.

Na biyu, gudun jini a cibiya, wanda ake kira Dofla. Ni a wurina, ga mai irin matsalarki, wannan ya fi komai muhimmanci, kuma ba kowane ɗakin hoto ke yin sa ba, don haka ki tambaya kafin ki biya. A fuskar na'urar za ki ga zane mai tudu da kwari yana tafiya. Tudun shi ne lokacin da zuciyar yaro ta buga, kwarin lokacin da ta saki. Idan mabiyiya lafiyayya ce, ko a cikin kwarin jini na ci gaba da gudana zuwa gare ta. Idan ta fara toshewa, kwarin sai ya riƙa zurfafa har ya taɓa layin ƙasa, jini na tsayawa ke nan tsakanin bugu da bugu. Idan ya ƙetare layin, jini baya yake komawa, a nan likita ba ta sallamar mace gida. Wannan sauyi kan bayyana kafin uwa ta ji komai a jikinta, kuma yana iya faruwa cikin 'yan kwanaki. Dalilin zuwa duk sati ke nan.

Sai halin yaron kansa. Akwai gwajin da likita Frank Manning da abokan aikinsa suka fito da shi a 1980, ana kallon yaro har tsawon minti 30: ko ƙirjinsa na ɗagawa yana sauka irin na gwajin numfashi, ko ya motsa jiki aƙalla sau uku, ko ya miƙe hannu ko ƙafa ya sake lanƙwasawa (buɗe tafin hannu da dunƙulewa ma a nan ake lissafa shi). A haɗa da ruwan, da bugun zuciya wanda ake ɗauka da bel ɗin da ake ɗaura wa uwa a ciki. Kowane cikin abubuwa biyar ɗin nan maki 2 ne ko sifiri. Maki 8 ko 10 hankali ya kwanta, 6 a sake dubawa, 4 zuwa ƙasa a fara shirin ciro shi. Idan mai hoton ya daɗe bai ce komai ba, kada gabanki ya faɗi, yaro kan yi barcin minti 20 zuwa 40 a ciki, jiransa ake ya farka.

Nauyi kuwa ba duk sati ake auna shi ba, sai an ba da tazarar sati biyu aƙalla kafin a gane ko ya ƙaru.

Duk wannan don a san ranar da zaman yaro a waje ya fi masa alheri a kan zamansa a ciki. A irin naki, sau da yawa ba a barin ciki ya wuce wajen sati 37, a tayar da naƙuda ko a yi aiki, idan Dofla ta lalace kuma a gaggauta. Saboda haka wannan haihuwar ta asibiti ce, a inda ake da ɗakin tiyata da wurin kula da bakwaini. Ki gaya wa maigidan kuɗin hoton na 'yan makonni ne, ya roƙi Hajiya ta raka ki ranar hoto, ta ga jikanta yana motsi da idonta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne macen da za ta yi hoto ranar Litinin a ce lafiya, ranar Alhamis motsi ya ragu, ta zauna tana cewa ai takarda ta nuna lafiya. Takardar labarin ranar da aka yi ta kawai ta bayar. Ba gaskiya ba ne cewa yaro na daina motsi idan haihuwa ta matso. Idan kin ji ya yi sanyi ba kamar yadda ya saba ba, ki tafi asibiti a ranar, ko da dare ne. Haka idan kanki ya yi ciwo mai tsanani, ko idonki na ganin dishi-dishi, ko ciwo ya tokare ki ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ko kika ga jini, don waɗannan na iya zama share fagen jijjiga. Kwanciya kuma ki riƙa yi ta gefe, ba rigingine ba.

TAMBAYA: Likita, hoton da matata ta yi da cikin yana wata uku ya ba da ranar haihuwa, wanda aka yi a wata na tara kuma ya ba da wata rana daban, tazarar kusan sati uku. Wanne za mu bi? Daga wani magidanci a Maraɗi.

AMSA: Na farkon, Malam. A watanni ukun farko 'yan tayi kusan girmansu ɗaya, kuskuren lissafi bai cika wuce sati guda ba. A ƙarshen ciki kowane yaro da nasa girman, kuskuren kan kai sati uku. Saboda haka Hukumar Lafiya ta Duniya a 2016 ta ba da shawarar kowace mai ciki ta yi hoto ɗaya kafin sati 24. Amma ka kai takardun biyu wurin mai yi mata awo cikin satin nan. Idan na biyun ya nuna cikin bai kai yadda na farko ya lissafa ba, ana iya samun yaron ne ba ya girma yadda ya kamata, sai a auna mata jini a duba ruwa da cibiya kamar yadda na yi wa 'yar'uwarmu ta Gusau bayani.